Murhun gashi mai murfi: yadda za ka gane ragar jabu, ka sa a ƙera maka mai ƙarko

Murhun gashi mai murfi, wannan mai zagayayyen ciki da ƙafa uku, yana ta shiga gidaje a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri. Wani tsarabarsa aka kawo masa, wani a gwanjo ya tsince shi, wani kuma sabo ya sayo daga Abuja ko Legas. Duk wanda ya taɓa gasa karfasa ko zabo a cikinsa ya san abin da ya sa ake son sa. Ka rufe murfi, zafi ya kewaye nama ta ko'ina, ya nuna har ƙashi bayansa bai ƙone ba, gawayin da zai ci kuma kaɗan ne. Ranar da raga ta cinye ce ake shiga damuwa. Ka je neman wata, a miƙo maka mai sheƙi, ka biya, kafin ka more ta ta lotsa a tsakiya, ko ta fara zubar da ɓawo a jikin kifi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, kwanon ƙasa da murfin su ne dukiyar. Su ne ba a iya ƙerawa a nan, saboda rufin tangaran da ke jikinsu a masana'anta ake narka shi bisa ƙarfen, irin na langa da fanteka na kayan ɗakin iyayenmu. Duk sauran kayan, mai walda da maƙeri da kafinta na garinmu za su iya yi maka waɗanda suka fi na kanti ƙarko, muddin ka san abin da za ka ce a yi.

Fara da zazzage murhun

Ka fitar da komai: ragar sama da ake ɗora nama, ragar ƙasa da ke ɗaukar gawayi, da farantin toka. Ka share kwanon tas, ka ɗaga shi wajen rana ka leƙa. In haske bai ɓullo ta ko'ina ba sai ta ƙofofin iska, murhunka na da sauran shekaru. Baƙin ɓawon da ke ɓarewa a cikin murfi ba fenti ba ne, maiƙo ne da hayaƙi suka daskare, ka kankare shi da ɗan katako. Raga kuma ba kowace tsatsa ce ke kashe ta ba. Ka goge da samfefa ka duba. In sandunan na nan da kaurinsu, mai kawai take buƙata. In sun sirance a tsakiya, ko ka danna da yatsa sun lanƙwashe, ko walda ta saki a wurare da yawa, to ta gama aiki. Kada ka jefar da ita tukuna, ita ce samfurin da za ka riƙe.

Awo kafin kasuwa

Wani Ba'amurke mai suna George Stephen ne ya fito da wannan fasali a 1952. Yana aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers a Shikago, sai ya raba wani ƙwallon ƙarfe gida biyu, irin wanda ake sawa bisa ruwa don nuna wa jirage hanya, ya yi kwano da murfi. Daga baya kamfanoni da dama suka kwaikwayi siffar, amma ba kowa ya kwaikwayi awon daidai ba. Shi ya sa ragar da aka rubuta wa lamba ɗaya da murhunka take iya ƙin zama.

Girma biyu aka fi gani, mai santimita 57 da mai 47. A na Weber, mai 57 ragar samansa kusan santimita 54 da rabi ce, ta gawayi kusan 43. Mai 47 kuma ta sama kusan 44 da rabi, ta ƙasa kusan 34. Ka lura lambar da ke jikin kwali faɗin murhun ce, ba faɗin raga ba, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. In naka ba na wannan kamfani ba ne, kada ka dogara da waɗannan lambobi. Ka ari tef ɗin tela, ka auna faɗin kwanon daidai inda 'yan kunnuwan da raga ke zama a kai suke, sama da ƙasa. Ka auna ta fuska biyu, don kwanon da ya taɓa faɗuwa yakan ɗan karkace.

Abin da ya fi tef tabbas shi ne kwali. Ka yanke faifai daga katon, ka yi ta rage shi har ya zauna bisa kunnuwan nan, da ɗan sarari kewaye da shi. Ka yi biyu, na sama da na ƙasa. Da su za ka tafi kasuwa, da su kuma za ka je wurin mai walda.

A gaban mai kaya

Ka tafi da abu uku: kwalin nan, maganaɗisu (na tsohuwar sifikar rediyo ya isa), da guntun rodi mai milimita 6 da za ka roƙa a wurin mai walda.

Kauri za ka fara dubawa, don shi ne rabin maganar. Ka jera guntun rodin kusa da sandar raga ka gani. Akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya sani: in aka ninka kaurin sanda, nauyinta ninki huɗu yake yi, amma ƙarfinta na ƙin lanƙwasa ninki 16 yake yi. Ke nan waya mai milimita 3 da rodi mai 6 ba su ma kusa da juna. Ga kuma wuta. Ƙarfe in ya kai digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, garwashi kuwa yana wuce haka, balle gawayin kirya da maƙera ke so saboda zafinsa. Siririyar ragar ƙasa ba ta da yadda za ta yi, dole ta lotsa. Ka ɗauki raga da hannu biyu ka ɗan murɗa ta. In ta bi hannunka cikin sauƙi, ajiye masa abarsa.

Sai ka juya ta ka dubi walda. Kowace sanda ya kamata ta kama da zoben gefe da kuma sandunan da ke gicciye a ƙasa. Ka ja yatsa a kansu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saki za ka ji tana kaɗawa.

Daga nan sai irin ƙarfen, kuma nan ne algus ya fi yawa. Mai kaya zai ce maka sitenles ce, wato ƙarfen nan mai ƙin tsatsa. Ka manna maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi, ɗayan biyu ne: ko baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafen sheƙi, ko sitenles mai lamba 430, wanda ba laifi amma bai kai na ƙwarai ba. In bai kama ba, ko ya ɗan ja kaɗan, yana iya zama mai lamba 304, wanda ke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 18 cikin 100 da nikel kusan kashi 8, kuma shi ake so. Sai dai maganaɗisu ba ya gama hukunci, don akwai mai lamba 201 da shi ma ba ya kamawa, alhali an rage masa nikel, ya fi saurin tsatsa. Saboda haka ka haɗa da farashi. Wanda ya ce 304 ce ya kuma sayar maka a kuɗin waya, ka san akwai magana.

Raga mai shafe ba haramun ba ce, yawancin waɗanda ke zuwa da sabon murhu ma masu shafe ne. Bambancin yana ga kaurin shafen da na ƙarfen da ke ƙarƙashi. Wadda za ka guje wa gaba ɗaya ita ce mai shafen tutiya, wato irin shafen kwanon rufi da bokitin ƙarfe da wayar shinge. Launinta toka-toka ne, wani lokaci da zane-zane a jiki. Tutiya na narkewa a kusan digiri 420, in wuta ta yi ƙarfi kuma tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai da ɗacin baki bayan 'yan sa'o'i. Masu walda sun san wannan zazzaɓi. Ruwan lemun tsami da tumatir da muke shafa wa kifi su ma suna cin ta, ta shiga abinci. Haka nan ragar tsohon firji da kejin fanka, waɗanda nake gani ana ɗora nama a kai, suna ɗauke da fenti ko roba ko shafen da ba don wuta aka yi ba. Abin da iyali za su ci ne, bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Kafin ka miƙa kuɗi ka yi sharaɗi a fili, gaban wani: "Alhaji, zan je in gwada. In ba ta zauna ba, ko ta ɓare a wutar farko, zan dawo maka da ita." Mai kayan kirki ba ya jin tsoron wannan magana. In ta intanet za ka saya, ka ce a turo maka hoton raga da tef shimfiɗe a kanta, a faɗa maka kaurin sanda da nauyinta, ka kuma ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kwalin.

In ka riga ka sayo

Kada ka ɗora mata nama ranar farko. Ka wanke ta da sabulu, ka hura gawayi sosai a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ko zaure ba, don iskar gawayi na kisa ba tare da an ji warinta ba. Ka ɗora ragar ita kaɗai, ka rufe murfi da ƙofofin iska a buɗe, ta yi kamar rabin awa, ka bar ta ta huce da kanta. Sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi ba komai ba ne, sitenles na ƙwarai ma yana yi. Abubuwan da ke nuna matsala su ne: shafe ya kumbura yana ɓarewa, warin fenti ko roba, raga ta murɗe har ta ƙi zama, ko wani gari ya fito mata mai rawaya tana da zafi, fari bayan ta huce. Wannan na ƙarshe tutiya ce.

In ka ga ɗaya daga ciki, ka mayar da ita da wuri, kada ka bari kwanaki su ja. Haƙƙinka ne. Malamanmu sun yi bayanin cewa mai saye na da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba da damar mayar da kaya masu illa. A kasuwa dai abin da ya fi saurin aiki shi ne ka je da kayan a hannu, ka nuna ba tare da hayaniya ba, in ya ƙi ka kai wa shugaban layinsu.

Wadda illarta sirantaka ce kawai ana iya ceton ta. Mai walda ya gicciya mata rodi biyu masu milimita 8 a ƙasa, za ta ja lokaci. Wadda ta yi ƙanƙanta kaɗan, a ƙara mata 'yan kunnuwa huɗu a gefe. Mai ɓarewa da mai tutiya kuwa ba su da gyara a wajen abinci.

Wurin mai walda

Ni a ganina nan ne maganin yake, kuma da zan ba mutum shawara ɗaya, cewa zan yi ya fara da nan. Ka je da tsohuwar raga da kwalayenka biyu. In da hali ka ɗauki kwanon kansa a Keke Napep, a gwada a gabanka.

Ragar gawayi ita ta fi shan wuta, ita ce kuma mafi sauƙin yi. Rodin gini mai milimita 8 ko 10 ya isa, sabo, wanda ba a taɓa yi wa fenti ba. A jera sanduna da tazarar kamar santimita ɗaya da rabi, yadda toka za ta zuba, iska ta hau, gawayi kuma bai zurare ba. In gawayin da kake samu ƙanana ne, a matse tazarar kaɗan. A gicciya biyu ko uku a ƙasa. Ba ta buƙatar sitenles, kauri ne maganinta.

Ragar sama ta fi son kulawa. A yi zoben gefe da rodi mai 8, sandunan ciki da rodi mai santsi mai 6, ba mai gurzan nan na gini ba, don nama na maƙalewa a gurzan kuma wanki na wuya. Tazara santimita ɗaya ta fi dacewa da mu masu gasa kifi, tarwaɗa in ta nuna laushi take yi, faffaɗar tazara sai ta sa ta ɓalle ta faɗa wuta. A sa mata hannu biyu da za su tsaya ƙarƙashin murfi ba su hana shi rufuwa ba. In kana yin doguwar gashi, kamar cinyar rago ko yankan giwan ruwa, ka ce a bar ɗan gibi a gefe ɗaya inda za ka riƙa zura gawayi ba sai ka ɗaga raga da nama a kai ba. Kada zumuɗin ƙarko ya sa ka ce a yi ta da rodi mai 12. Ƙafafun murhun na goran ruwa ne marasa nauyi, kunnuwan da ke riƙe raga su ma ƙanana ne.

In ka sami rodin sitenles kuma aljihu ya ɗauka, madalla, amma sai an yi waldarsa da sandar walda ta sitenles. In aka yi da ta baƙin ƙarfe, sandunan za su zauna fes, mahaɗar ce za ta yi tsatsa ta saki.

Akwai abu huɗu da sai ka faɗa da bakinka, don in ka yi shiru ba za a yi ba. Na ɗaya, a bar sarari. Ƙarfe na buɗewa da zafi, raga mai santimita 43 tana iya ƙara kusan milimita 3 a cikin garwashi. In an yi ta cif-cif za ta tokare kwanon, ko ta murɗe ko ta fasa tangaran, saboda haka a rage kamar rabin santimita daga faɗin wurin. Na biyu, a kakkaɓe ɓawon da walda ke bari, a bi bakin kowace sanda da giranda ta yi sumul, don kaifi ɗaya ya isa ya karce kwanon. Na uku, kada a yi fenti. Hannun mai walda ya saba, da ya gama aiki sai ya ɗauko jan fenti ko baƙi. Ka ce masa, "Malam, don Allah ko ɗigo kada a sa, abinci za a ɗora." Na huɗu, kada a kusanci kwanon ko murfin da walda ko kaɗan. Wutar walda na fasa tangaran kewaye da wurin, tsatsa ta samu ƙofa. Duk abin da za a haɗa da jikin kwano a ɗaure shi da noti.

Ƙananan kaya

Ƙofofin iska su ne linzamin wannan murhu, da su ake ƙara wuta a rage ta. Faifan da ke juyawa ya buɗe su ko ya rufe su, wanda ake sayarwa na canji, sau da yawa siriri ne, ba ya kwanciya a jikin kwano, iska na shiga ta gefe. Gwajinsa ba wuya: bayan ka gama gashi ka rufe murfi da duk ƙofofi. In bayan awa ɗaya garwashi na ci, akwai inda iska ke shiga. Maƙeri zai yanka maka faifai daga murfin tsohuwar tukunyar goran ruwa mai kauri, ya huda ramuka daidai da na kwanon, ya bubbuga shi bisa yashi har ya ɗauki lanƙwasar wurin. A ɗaure da noti da washa, ya matsu amma yana juyawa. Goran ruwa sai a digiri 660 yake narkewa, in dai ragar gawayi na nan daram garwashi bai kwanta a kansa ba, lafiya lau.

Hannun murfi na roba mai araha narkewa yake yi, ko ya tsage da zafin watan Afrilu tun ba a hura wuta ba. Kafinta ya fafe maka na maɗaci ko kirya, a sa ɗan faifan ƙarfe tsakaninsa da murfi ya tare zafi. Ƙafar da ta yi sako-sako a raminta, a naɗa mata siririn gwangwani ta matsu. Farantin toka kuwa kowane farantin ƙarfe mai faɗin wurin zai yi.

Ma'aunin zafi na canji, wanda ake ɗaurawa a jikin murfi, yakan yi ƙarya. Ka tsoma bakinsa a ruwan da ke tafasa, ya kamata ya nuna kusa da 100. In ya kauce da yawa, cire shi ka toshe ramin da noti, ya fi ka riƙa bin lambar da ba gaskiya ba.

Horar da sabuwar raga

Ragar baƙin ƙarfe da aka ƙera maka ba ta da shafe, kai za ka yi mata. Ka wanke ta da sabulu da soson ƙarfe, ka ƙona ta a wuta mai ƙarfi, ka bari ta ɗan huce. Ka shafe ta da man gyaɗa da tsumma mai tsabta, shafe siriri ba mai ɗiga ba, ka mayar da ita kan matsakaiciyar wuta da murfi a rufe har ta daina hayaƙi. Ka maimaita sau uku ko huɗu, za ta yi baƙi mai ɗan sheƙi. Wannan baƙin shi ke hana tsatsa, shi ke hana fatar kifi kamawa, kuma kowace gashi ƙara shi take yi. Bayan an sauke nama, tun tana da zafi, ka raba albasa biyu ka soke da cokali mai yatsu ka goge ta, albasar Aliero ba ta yanke mana ba. Burushin waya mai araha yana zubar da gashinsa, ƙwaya ɗaya in ta maƙale a nama ta shiga maƙogwaron yaro, sai asibiti.

Toka ce ke cinye ragar ƙasa da ƙofar iska fiye da wuta. Kowa ya san ƙarfin ruwan toka, har sabulu ake yi da shi. In ta kwana a kwano raɓa ko yayyafi ya taɓa ta, tana riƙe danshi a jikin ƙarfe, kaifinta kuma yana cin goran ruwa. Ka kwashe ta washegarin kowace gashi bayan ka tabbata ta mutu, kada kuma ka kashe garwashi da ruwa a cikin kwanon, zafi da sanyi a lokaci ɗaya na tsaga tangaran. Inda ya riga ya ɓare, ka goge tsatsar ka shafa man gyaɗa in ta ciki ne, in ta waje ne ka shafa fentin da ke jure zafi, irin wanda ake fesa wa salansar babur. Da damina ta kama, ka shafe ragogin biyu da mai, ka rataye su a ɗakin ajiya, murhun kuma ya shiga ƙarƙashin rumfa da ƙofar iskar ƙasa a buɗe, don ruwan da ya samu shiga ya tsiyaye.